Daga Challawa Zuwa Nguru a Motar Fata

Kawuna dillalin fata ne. Ya fi shekara talatin yana bin kasuwannin gabas yana sayen fatar awaki da ta tumaki, ya barbaɗe ta da gishiri, ya kawo wa kamfanonin jima a Kano. A hunturun da ya wuce yaron da ke riƙe masa littafi ya tafi bikin ƙanwarsa, sai ya aiko a kira ni, tunda makarantar da nake koyarwa tana hutu. Ya ce, "Zo ka raka ni Nguru. Bokon nan naka ko ƙirga fata ai ya iya." Na ɗauki riga biyu da bargo ina zaton kwana biyu ne. Kwana biyar muka yi, kuma sai da tafiya ta yi nisa na lura ashe ruwa ɗaya muke ta bi.

Ranar Laraba da hantsi muka fara da Challawa, don ya sauke kayan da ke hannunsa ya karɓi kuɗin tafiya. Mu uku ne a gaban a-kori-kura: direba, Kawu, sai ni a tsakiya giya na dukan gwiwata. Tun kafin mu bar titin Panshekara warin ya tarbe mu, irin na ruɓaɓɓen ƙwai haɗe da jiƙaƙƙen gashi. Direba ya ja rawani ya rufe hanci. Ni ban rufe ba. Warin Babanmu ne, Allah ya jiƙansa. Shekara goma sha tara ya yi yana aiki a ɗaya daga cikin kamfanonin nan, kuma da wannan warin yake shigowa gida kullum da magariba. Innarmu ta ware wa kayan aikinsa bokiti daban, igiyar shanya daban. Tafin hannunsa kuwa har ya bar duniya bai daina tsagewa ba. Da albashin wurin aka ɗinka mini rigar makaranta, da shi aka biya mini kuɗin jarrabawa. Na faɗi haka tun da wuri don kada wani ya ɗauke ni alƙali a maganar nan. Ni ma na ci a ciki.

A harabar kamfanin mai zaɓe ya tsaya kan tulin fata yana ɗagawa ɗaya bayan ɗaya yana haska ta da rana. Wadda wuƙar mahauci ta huda, gefe. Wadda ƙazuwa ta ɓata, gefe. Ta jar akuya, irin ta Sakkwato da Maraɗi, ita ce lamba ɗaya. Ita ce fa wadda kakanninmu suka riƙa ɗora wa raƙuma ana ƙetare Sahara da ita, har Turawa suka san ta da sunan fatar Maroko don a can suke sayenta. Kawu ya shiga ciniki da rantse-rantse, ni kuma na leƙa ɗakin ganguna. Manyan ganguna ne, kowace ta kai girman shago, suna juyawa a hankali. A ciki ake jiƙa fata, a zuba mata farar ƙasa da sinadarin da ke zubar da gashi, shi ne mai warin nan, sannan a jeme ta da wani sinadari da ake kira kurom. In ta fito sai ka gan ta shuɗi-shuɗi, ma'aikata na ce mata wet-bulu. A tan guda na ɗanyar fata, abin da ke zama fatar sayarwa bai fi rubu'i ba. Saura gashi ne da kitse da guntun nama da gishiri, ga tulin ruwan da aka wanke su da shi, kuma dole ya sami inda za shi.

Na zaga bayan katanga in ga inda yake zuwa. Kwata ce mai faɗi, ba ta kamfani ɗaya ba, kowa na zubo nasa. Ruwan baƙi-baƙi da kumfa a kai, wani wuri ya yi shuɗi, wani wuri ja kamar an yi yanka. Na bi ta da ƙafa har inda ta gangara wajen kogi. A nan na tarar da wani mutum ya kafa injin ban-ruwa, tiyonsa a cikin kwatar, yana shayar da latas da alayyafo. Ganyen kore shar, ka rantse daga Aljanna aka tsinko shi.

Na yi sallama na ce, "Sannu da aiki, Malam. Da wannan ruwan ake yi?"

Ya dube ni tun daga takalmi har hula. "Da wanne za a yi? Rani ne. Kuma ka ga shi ba ya neman taki da yawa." Ya ɗaga wando ya nuna mini ƙaurinsa, duk tabo fari-fari. "Ƙaiƙayi ne dai. In ka saba shi ke nan."

"Kuna ci a gida?"

Ya yi dariya. "Na kasuwa ne. Ku kuke ci."

Na dawo mota ina ta zuba wa Kawu karatu. Na ce kurom dangin ƙarfe ne, ba ya ruɓewa kamar bagaruwar da majeman cikin birni ke jima da ita, sai dai ya kwanta a laka da ƙasar gona. Na ce gaba kaɗan, wajen da kogin Challawa ya haɗu da kogin Kano, nan matatar Tamburawa take, mai ba birni ruwan famfo. Na ce doka ma akwai ta: tun da aka jibge gubar Italiya a garin Koko a 1988 aka kafa hukumar kare muhalli ta tarayya, a 1992 aka ce ba a fara babban aiki sai an auna illarsa, a 2007 aka kafa NESREA, hukumar tilasta bin dokokin muhalli, ta bi sawu.

Kawu ya bari na gama, yana ƙirga kuɗinsa yana lasar yatsa. Sannan ya ce, "Bagaruwa za ta jeme fata dubu goma a yini?" Na yi shiru. Ya ce, "Wurin tace ruwa akwai shi, na gani da idona. Amma da wuta yake aiki. Mutumin da ke sayen man gas yana kunna janareta dare da rana, in abu ya matse, me kake jin zai fara kashewa? Gangar da ke kawo kuɗi, ko injin da ke wanke ruwan da zai zubar?"

Ya sa direba ya bi da mu ta Sharaɗa, yana nuna mini ƙofofi da leɓe. Wannan masaƙa ce da, wannan ma jima ake yi, wancan takalma. Duk a garƙame, ciyawa ta fito a kan katanga. Kwatar gaban wani ta bushe tsaf har akuya ta kwanta a ciki tana tuƙa. Kawu ya ce, "Ga muhallin naka nan, ya samu lafiya. Je ka tambayi waɗanda aka sallama ko sun yi murna." Ban sami abin cewa ba har muka isa gida.

Washegari Alhamis, maimakon gabas sai muka yi kudu kan titin Zariya, don Kawu yana da 'yar gona da ya karɓa haya wajen Kadawa, ribar fata yake zubawa a ciki. Wanda bai taɓa ratsa Kura da Garun Malam da Bunkure da rani ba, ba zai gane abin da nake faɗa ba. Ko'ina a ƙasar Kano ya bushe ya yi ja, hazo ya rufe sama, amma nan alkama ce kore iya ganinka, ga tumatir, ga albasa, ga ɗanyar masara a tsakiyar hunturu. Ruwa na gudu a magudanan siminti, yara na tsalle a ciki. A Kwanar Gafan kwandunan tumatir sun yi layi, manyan motoci na lodi za su Legas. A Kura ƙarar injinan casar shinkafa ba ta barin ka ji sallamar mutum. Na ga samari kan sababbin babura da suka saya da kuɗin noman rani, ba su je ci-rani ko'ina ba.

Na matsa wa Kawu sai da muka ƙarasa Tiga, don ban taɓa ganinta ba sai a littafin da nake koyar da yara. Tudun ƙasa ne aka gina, tsawonsa ya kusa kilomita 6, bayansa ruwa kwance ba ka hango ƙarshensa. An gama ta a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, daidai lokacin da farin farkon shekarun 1970 ya karkashe dabbobi ya koro mutane daga arewa, kuma an yi ta don ta riƙe ruwa kusan mita kubik biliyan 2. Wanda ya ga yunwar wancan lokaci ba zai tambayi dalilin gina ta ba. A 1992 aka ƙara ta Challawa wajen Ƙaraye, mai cin kusan rabin wannan. Su biyun nan ke riƙe da mafi yawan ruwan da ke gangarawa kogin Haɗeja, masana na cewa kusan kashi 80 cikin 100. Kawu ya ɗaga hannu ya yi wa Audu Baƙo addu'a, na shafa tare da shi da zuciya ɗaya.

Juma'a muka kama hanyar gabas. A Wudil ranar kasuwa ce, muka yi kusan awa a kan gada tsakanin motocin shanu, sai na samu damar kallon kogin daga sama. Masu haƙar yashi sun shiga har ƙugu. A nan ruwan Tiga da na Challawa sun riga sun zama ɗaya, har da na kwatar shekaranjiya, ba mai iya rabewa. Muka yi sallah a Gaya, muka bi ta Jahun da Kafin Hausa. Hanyar ba abin faɗa.

Wajen Auyo, kusa da ƙaramar madatsar da ke ba noman ranin kwarin Haɗeja ruwa, na fara ganin wata ciyawa a bakin ruwa. Ta fi mutum tsawo, da kai kamar zangarniyar gero, har na ce wa direba wane irin gero ne wannan da ake shuka shi a ruwa. Ya ce, "Gero? Kacala ke nan, Malam. Ba ka ga komai ba tukuna."

A Haɗeja muka kwana. Kawu ya sayi fata ɗari huɗu da 'yan kai, na rubuta. Mai masaukinmu ya ba mu farfesun tarwaɗa, ya kuma nuna mini zanen da ambaliyar 2022 ta bari a bangon wani shago can bakin gari. Da asuba muka wuce ta Malam Madori da Birniwa, kafin azahar muna Nguru.

Nguru nan ne ƙarshen layin dogo da ya taso daga Kano, wanda ya iso wajen 1930. Gyaɗa da ƙaro da kanwa da fatu da ƙiraga duk a nan ake loda su da. Tashar tana nan, shiru. A cikin jirgin nan Kawu ya haɗu da amininsa tun suna samari, shi da fata, wancan da kwalayen banda zai kai Kano. Babade ne, amma Hausarsa ta fi tawa gishiri. Yana zaune a wani ƙauye bakin tafkin Nguru, can muka same shi yana ɗinkin koma. Suka rungume juna suna tsokana, wannan ya ce mai warin fata, wancan ya ce mai ƙarnin kifi. Da Kawu ya koma kasuwa wajen mahauta, na ce, "Baba, ina so in ga kacalar nan da kyau." Ya ajiye komar ya ce, "Ka iya ruwa?" Na ce a'a. Ya ce, "To zauna a tsakiya, kada ka motsa."

Muka shiga wata 'yar hanya da aka sara a cikin ciyawar, faɗinta bai fi na kwalekwalen ba, kamar lungun cikin birni. Hagu kacala, dama kacala, sama sai ɗan tsagin sarari. Iska ba ta shigowa. Wani farin abu kamar auduga na tashi daga kawunanta yana shiga hanci, Baba ya ce irinta ke nan, kowane ɗigo in ya sauka a laka ya zama uwa. Sauro kuwa da rana tsaka suke cizo. Yana tura mu da doguwar gora, ba ya magana, sai ƙarar ganye na gogar katako. Mun yi kamar rabin awa sai ya tsaya, ya caka gorar ƙasa, ruwa ya kai masa kusan kamu uku.

Ya ce, "Nan gonata ce."

Na duba, ban ga komai ba sai ruwa da ciyawa. Ya nuna wata goruba can gaba da ta mutu a tsaye, ba ganye, sai kututture baƙi. "Daga nan zuwa waccan. Ta gado ce. Shinkafa nake yi a nan, buhu talatin in shekara ta yi kyau."

A nan cikin kwalekwale ya karanta mini yadda shekara take a da. Ruwa yakan iso ne bayan damina ta yi tsakiya, ya zo da ƙarfinsa, ya share hanyoyinsa, ya bazu cikin fadama. Kifi ya biyo shi ya yi ƙwai a cikin ciyawa, tarwaɗa da karfasa da bargi da kurungu. Mai shinkafa ya yanke shinkafarsa. Ruwa na janyewa ana binsa da wake a cikin danshi, ba ban-ruwa, ba taki. In an cire wake Fulani su sauko da shanu su ci harawa su bar kashi. Daga nan ƙasa ta bushe ƙayau ta tsattsage, duk wata muguwar ciyawa ta mutu, a jira wata shekara. Ya ce, "Ƙasa ɗaya, mu uku muke ci: masunci, manomi, makiyayi. Kowa da watansa, ba mai taka wani."

Sauran bayanin na san shi a takarda, amma sai a ranar ya zauna mini. Madatsa ba ta cinye ruwa duka ba, lokacinsa ta sauya. Babban ruwan damina mai share hanya an tare shi a Tiga da Ƙaraye. Da rani kuma ana sakinsa kaɗan-kaɗan ba yankewa, don famfunan Kano da alkamar Kadawa, ragowar ta gangaro nan. Ruwan da ba ya zuwa da ƙarfi kuma ba ya tafiya, shi kacala ke so. Ta kama laka, laka ta kama ta, hanyoyin kogi suka toshe ɗaya bayan ɗaya. Ruwa kuwa ba ya rasa hanya: ya karkata ya bi rafin Marma ya cika tafkin Nguru ya hau gonaki. Can gaba kuma, inda ya saba zuwa, suna zaman jiransa. Abin da kogin Haɗeja ke kai wa Gashuwa yanzu kaɗan ne, kusan duk ruwan da ke wucewa Komadugu Yobe zuwa tafkin Chadi na kogin Jama'are ne. Wani ruwa ya ci gonarsa, wani ƙishi ya ci tasa, duk a kogi ɗaya.

Ba zan ɗora wa madatsa komai da komai ba. Ruwan sama ma ya ja baya a shekarun 1970 da 1980. Amma lissafin masu aunawa ya nuna faɗin da ambaliya ke rufewa a dausayin nan ya haura murabba'in kilomita 2,000 a ƙarshen shekarun 1960, zuwa farkon 1990 ya koma ƙasa da 1,000. Kacala kuwa ba fari ne ya kawo ta ba.

Baba ya ci gaba da lissafo mini 'ya'yanta. Jan-baki a cikinta suke kwana, dubbai, da safe su tashi kamar hadari su sauka a kan gero da shinkafar wanda ya rage da gona. Yara na fitsarin jini saboda tsargiya. Taru ba ya shiga, sai dai a kafa gura a bakin lungu a jira rabo. Makiyaya sun rasa inda suka saba sauka, sai su bi ta inda wake bai gama nuna ba, daga nan sai sanda, wani lokaci abin ya wuce sanda. Na ce ba a sare ta ne? Ya miƙo mini hannuwansa. Duk shekara suna yin gayya, ƙauye da ƙauye, a shiga ruwa har ƙirji da lauje, a yanke ta ta ƙarƙashin ruwa don ta shaƙe, matsattsaku na shan jinin mutum. Gwamnati ma takan kawo injin haƙa mai tafiya a kan ruwa ya buɗe hanya. "In ya tafi da wata shida, sai ka ce bai taɓa zuwa ba."

Da la'asar sakaliya muka fito fili, wajen da tafkin ya buɗe. Nan kam na manta da sauro. Kirinjijiya garke-garke suna fito, ɗinya, zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya, da wasu ƙananan tsuntsaye masu dogon baki da ban san sunansu ba. Baba ya ce baƙi ne, da sanyi suke zuwa. Daga Turai suke tasowa su ƙetare Sahara, nan ne ruwan farko da suke samu mai yalwa. Saboda su ne a shekarar 2000 aka sa tafkin Nguru da rafin Marma cikin dausayoyin duniya da ake karewa ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, wuri na farko a Najeriya. Na ce masa ai har mijin Sarauniyar Ingila, Yarima Philip, ya zo Dagona, wurin da aka keɓe wa tsuntsaye a dausayin nan, kallonsu a 1989. Ya ce ya sani, ƙasarsu ce. "Tsuntsu dai ya yi sa'a. Tun daga Ingila aka zo gaishe shi."

Da dare aka shimfiɗa tabarma, aka kawo tuwon shinkafa da miyar kifi. Ni da bakina da ba ya shiru na kawo maganar wani bincike da masanin tattalin arziki Edward Barbier da abokan aikinsa suka yi a farkon shekarun 1990. Sun haɗa abin da dausayin nan ke bayarwa, noma da su da itace, suka gwada da abin da noman ranin Kano ke bayarwa a kan ruwa daidai wa daida, suka tarar na dausayi ya fi, ninkin ba ninkin. Shawarar da masana suka daɗe suna bayarwa ita ce a riƙa sako babban ruwa daga madatsun da damina, a kwaikwayi ambaliyar da, a kuma rage na rani. Shi ya sa ma mutanen Yobe da Borno ke tayar da jijiyar wuya duk lokacin da aka tado maganar ƙarasa madatsar Kafin Zaki a Bauchi, don Jama'are ne kogin da ya rage musu ba a ɗaure ba.

Kawu ya ajiye loma. Alkamarsa na taɓa. Ya ce, "To sai a fasa Tiga ke nan? Mutum miliyan nawa ne a Kano? Su sha me? Masu tumatir su koma ina?"

Baba ya ce, "Wa ya ce a fasa, mai warin fata? Shinkafar da ke gabanka ma ta Kura ce, saye na yi. Ni da nake sayarwa." Ya yi 'yar dariya. "Cewa na yi mai buɗe ƙofar ruwan nan ya san akwai mutane a ƙasa. Ya san watan da kifi ke ƙwai, ya san watan da ƙasa ke son ta bushe. Shekara nawa ana zuwa da farar mota ana tambayarmu, ana rubutawa. Ban taɓa jin an ce ga ranar da za a saki ruwa, ku shirya ba. Sai dai mu farka mu gan shi a ƙofar ɗaki."

Kawu bai amsa ba, ya ci gaba da cin tuwonsa a hankali.

Na kwanta da littafin Kawu a ƙarƙashin kaina, saboda kuɗin da ke tsakiyarsa. Shafi biyu ne da shi, abin da ya shigo da abin da ya fita: fata kaza, gishiri buhu kaza, mai, ɗan dako, na goro a hanya. Lissafinsa daidai yake, ko kwabo ba ya ɓata. Na tabbata na mai kamfani ma haka yake, na mai alkama ma haka. Buhu talatin ɗin Baba ne dai ban san a littafin wa aka rubuta su ba, su da ƙaurin mai latas da tafin hannun Babanmu. An biya, kuma ba wanda ya ci ribar ne ya biya ba. Raina ya fi karkata wajen Baba, ba zan ɓoye ba, amma da kuɗin fata aka yi mini karatun da na gane hakan, kuma da safe ni zan ƙirga wata fatar.

Lahadi da sassafe muka yi lodi. Fata ta cika mota har ta yi tozo, gishiri na zuba ta ƙasa. Muna shirin tashi sai ga Baba da wani saurayi, autansa, bai fi shekara goma sha tara ba, riƙe da jakar leda. Ya ja Kawu gefe, amma ina jinsu. Ya ce, "Ka tafi da shi. Ka san mutane a kamfani. Ko wankin fata ne a ba shi. Nan ba abin da zai gada sai kacala." Kawu ya ce Allah ya sa a dace. Aka ba mu ƙullin banda na tsaraba, yaron ya hau can saman fata ya zauna, ya naɗe kansa da rawani saboda iska.

Muka biyo ta Gujungu, ranar kasuwarta, muka ƙara fata kaɗan. A nan na saya wa yaron dogon takalmin roba da safar hannu, na ce kada ya kuskura ya taɓa ruwan ganga da fatar jikinsa, ko wa ya ce masa ba komai. Ya karɓa yana godiya, yana jujjuya su kamar kayan Sallah.

Litinin da safe ni na raka shi Challawa. Tun daga titin Panshekara ya toshe hanci da hannu biyu. Muna tsaye bakin ƙofa muna jiran Kawu ya gama magana a ciki, sai ya leƙa kwatar da ke bin gindin katanga, ya daɗe yana kallo, irin kallon da ɗan masunta ke yi wa ruwa. Ya ce, "Yaya, wannan ina yake zuwa?"

Na ce, "Nguru."

Ya ɗauka wasa nake, ya yi dariya. Mai gadi ya leƙo ya ce wanda aka zo da shi ya shigo, ya ɗauki takalmansa a hannu ya bi shi.